Tubalin Dogo Magini

Sunansa na yanka Sabiru, amma daga Bilbis har Bungudu ba wanda zai gane wa kake nufi sai ka ce Dogo Magini. A Bilbis aka haife shi, 'yan shekaru kafin zuwan Turawa, a gidan da ba a san wata sana'a ba sai ta ƙasa. Ubansa yana cikin masu gyaran ganuwa duk bayan damina. Shi kuwa ko da ya kawo ƙarfi sai ya tarar ganuwa ta zama wurin hawan awaki, ba mai cewa a gyara ta. Ya ɗauki matarsa Saude suka koma Tsafe, ya sami gida mai zaure kusa da kasuwa.

Abin da ya maye gurbin ganuwa shi ne aikin En'e: ɗakin shari'ar alƙali, rumfunan kasuwa, da bariki, wato masaukin da ake gina wa Di'o a bakin hanya don ya sauka in ya fito rangadi. Da fari talakawa ake tarawa a sa su yi. Daga baya aka koma ba magini guda aikin dungurungum, shi ya nemo mutanensa, abin da aka fara kira kwangila ke nan.

Ba a yin shela. Wakilin hakimi mai kula da ayyuka zai aika a kira maginan da ya sani, ya ce ga aiki ya taso, ana so a rufe shi kafin ruwan fari. Daga nan tambaya guda yake yi: wa ke da busasshen tubali a ƙasa? To, tubali ba a yin sa yau a ɗora gobe. Sai an haƙo ƙasa an jiƙa, an tattake ta da ciyawa, an bar ta ta kwana biyu ta haɗe, sannan a mulmula da hannu ɗaya bayan ɗaya a jera a rana har mako biyu. Kuma ba a ɗaukar sa daga nesa, jaki kan farfasa rabi a hanya. Saboda haka duk maginin da bai ji labarin aiki ba sai ranar da wakili ya yi kira, ya riga ya makara.

Dogo ya gane wannan tun da wuri, ya mai da jin labari rabin sana'arsa. Bai iya karatun boko ba, bai kuma san kowa a ofis ba. Amma ya lura cewa kafin gini ya iso bakin magini, sai ya bi ta hannun waɗansu mutane da ba a damu da su ba. Masu sarar giginya ne ake fara gaya wa su tanadi azara, don ita ce ke ɗaukar lokaci. Saboda haka duk wata yakan taka har fadama ya zauna da su, ya ƙirga itacen da aka tsaga da ido, ya tambayi tsawonsa. Azara gajera, rumfa ce. In ta yi tsawo kuma da yawa, soro ne babba. Yakan kuma sa Saude ta ji masa ko an fara sayen makuba a hannun mata, ɓawon ɗorawar nan da ake jiƙawa a yi yaɓe. In makuba ta yi wuya a kasuwa, wani ya san abin da shi bai sani ba.

Babban abokin takararsa Yelwa ne, wani gajeren magini daga Bungudu, mai dariya da ƙarfi. Sukan haɗu a ƙofar wakili, Dogo ya riga ya shanya tubali, Yelwa ya zo da hannu biyu.

"Kai Dogo," in ji Yelwa wata rana, "don Allah gaya mini gaskiya. Aljani gare ka, ko ƙarƙashin gadon Di'o kake kwana?"

"Tsawo ne, Yelwa. Abin da nike hange a tsaye, kai sai ka hau jaki."

"To Allah shi sa wata rana ka hango abin da ya fi ƙarfinka."

Aka yi dariya aka watse.

Amma a cikin duk masu kawo masa labari ba kamar Hamidu. Hamidu Bafillace ne, rugarsu na yamma da 'Yandoto, suna kiwo suna ɗan taɓa noman gero. Dogo ne mai masaukinsa a Tsafe. Duk ranar kasuwa a zauren Dogo yake ajiye sanda da gora, uwarsa Inno da matarsa Habiba su shige ciki wajen Saude su sauke ƙoren nono su huta. Shekara goma sha wani abu suna haka. In Hamidu zai sayar da sa, Dogo ke tsaya masa kada a cuce shi. In Dogo ya kwanta ciwo, man shanu ba ya yankewa a gidan. Hamidu ba shi da yawan magana. Dogo ya yi ta zuba, Hamidu ya yi murmushi ya ce, "Haka ne, mai gida." A duk faɗin Tsafe, shi kaɗai ne Dogo ke iya zama da shi ba ya lissafin abin da zai samu.

A shekarar da aka fara share hanyar jirgin ƙasa daga Funtuwa zuwa Gusau, bayan an gama girbi, Hamidu ya zo ranar kasuwa ya zauna, ya sha ruwa, ya ce:

"Mai gida, shekaranjiya mun ga masu awon ƙasa. Mutum huɗu da sarƙa doguwa, da wani Bature bisa doki. Sun kafa turaku a bakin hanyar Gusau, kusa da mu. Na ce bari in gaya maka, ko naka ne."

Dogo bai ɓata lokaci ba. Washegari da hantsi yana wurin. Ya bi turakun da ƙafa yana ƙirga taki. Ɗaki biyu manya da baranda, can baya madafa, can gefe wurin ɗaure dawaki. Bariki ne, kuma mafi girman aikin da aka taɓa yi a wannan yanki. Ba wanda ya sani tukuna, ko masu giginya ba a gaya wa ba.

Saura ƙasa. Wurin turakun rairayi ne, ba ya gini. Ya yi ta yawo yana tona da bakin gatari yana murzawa a tafin hannu, har ya kai wani ɗan tudu mai itacen marke guda, bai fi jifa biyu daga turakun ba. Ya tona, ya ga ja. Ya tofa miyau ya murza, ta kama hannu ta yi santsi, ba tsakuwa. Ya ɗan sa a harshe. Tun da yake gini bai taɓa riƙe ƙasa mai kyau kamar wannan ba, ga rafi kusa, ga wurin shanya.

Yana durƙushe Hamidu ya iso, ya bar shanu a ƙasa wajen rafi. Suka gaisa. Dogo ya miƙa masa dunƙulen.

"Duba nan. Wagga ƙasa ko ba ciyawa sai ta tsaya shekara ɗari."

Hamidu bai karɓa ba. Ya dubi marken, ya dubi shanunsa.

"Mai gida, kada ka haƙa nan."

"Don mi?"

"Akwai wata can gaba, bayan dutsen nan. Ita ma ja ce."

"Na gan ta. Tsakuwa gare ta, kuma nisa ya yi yawa. Mi ke ga wannan?"

Hamidu ya sa sanda a kafaɗa ya rataya hannuwa. 

"Ka dai je can."

"Gonar wani ce?"

"A'a."

"Burtali ne? Shanunku na bi ta nan?"

"Ba su bi."

"To mi ne ne, Hamidu? Ni fa ban koya maka tatsa ba, kai ma kada ka koya mini ƙasa."

Hamidu ya yi ɗan murmushin nan nasa, amma bai ce haka ne ba. Shirun ne ya ɓata wa Dogo rai. Mutumin da ya saba kowane labari yana da mai shi, sai zuciyarsa ta tafi inda ta saba zuwa.

"Ko dai Yelwa ya riga ni zuwa rugarku da goro? In ka yi masa alkawarin wurin ne, faɗa mini, ba sai ka yi ta kewaye-kewaye ba."

Hamidu ya dube shi sau ɗaya. Ya ce, "Allah shi ba da sa'a, mai gida." Ya gangara wajen shanunsa.

Kwana uku bayan haka Dogo ya kawo mutum goma sha biyu da jakunan ruwa. Suka fara daga gindin tudun suna ci suna hawa. Aiki ya yi daɗi. Ƙasar ba ta gardama, tubali na fita sumul, layi bayan layi, har filin ya yi ja. Kowace safiya Dogo kan hango Hamidu yana kora shanu ta can nesa, ta hanyar da ba ita ce mafi kusa da rafi ba. Ya ɗaga masa hannu, Hamidu ya ɗaga. Ranar kasuwa ta zagayo, Inno da Habiba ba su zo ba. Dogo ya ce wa Saude ai Fulani haka suke, fushinsu ba ya da baki, za su huce.

Ran kwana na ashirin ramin ya kai kusa da gindin marken. Rana ta take tsaka, wani dattijon lebura mai suna Lukuman ya ɗaga magirbi ya sara, ya ji ya bugi wani abu da ba dutse ba. Ya durƙusa ya share da hannu. Sai ya miƙe ya ja da baya yana salati.

Dogo ya sauka ramin. Gajerun itatuwa ne an jera su a kwance, gefe da gefe, sun fara ruɓewa. Duk wanda ya taɓa zuwa jana'iza ya san irin jerin nan. Gefe guda ya riga ya zube cikin ƙasar da aka kwashe tun jiya ko shekaranjiya, ba wanda ya lura. Idon magini ba ya barin awo, ko bai so ba. Tsawon jerin bai kai kamu biyu da rabi ba.

 Dogo ya tuɓe rigarsa ya shimfiɗa a kan wurin, ya ce a mai da ƙasa, a tattaro duwatsu. Shi kuma ya kama hanyar ruga ba riga.

Hamidu na daji. Habiba ta hango shi ta shige bukka. Inno ce ke zaune tana kaɗa nono, ba ta daina ba.

"Kun kai gare shi," in ji ta. Ba tambaya ba ce.

"Inna, wane ne?"

"Manu. Ɗan Hamidu na fari. Shekararsa huɗu. Damina uku ke nan, zazzaɓi na kwana biyu. Mun kai shi tudu don ruwa ba ya kwanciya can. Mun sa ƙaya, ƙaya ta ruɓe."

Dogo ya tuna yaron. Yakan zo a goye, daga baya a kafaɗar Inno. Da aka daina ganinsa an ce masa ya koma, ya yi ta'aziyya a zaure, Hamidu ya amsa da kai ya kawo zancen tsadar kanwa. Bai taɓa tambayar inda aka sa shi ba.

"Inna, mi ya hana shi gaya mini? Kalma guda ce."

Ta ajiye maburgi ta dube shi.

"Ɗan fari ne, Dogo. Yana da rai bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa ɗaukarsa gaban mutane ba. Yanzu ne zai buɗe baki ya ce maka ɗana na nan kwance? Ni na so in zo, ya ce kada in je, ya riga ya gaya maka. Ya ce kai mai masaukinsa ne, in ya ce kada ka haƙa ya isa."

A gida Saude ta saurara har ya gama. Ta ce, "Kai da kake cewa kalma guda ce. Shekara nawa yau da muka sa tamu a bayan ɗaki? Ka taɓa faɗin sunanta? In wani ya zo da magirbi ya tsaya can, mi za ka ce masa?"

Luba take nufi, 'yarsu ta fari, wadda annobar murar da ta biyo bayan yaƙin Jamus ta ɗauke tana shekara biyar. Dogo ya nemi abin da zai ce wa mai magirbin, ya ga ba shi da wata magana sai irin ta Hamidu.

"Ka mai da ƙasarsu," in ji Saude. "Duka."

Da a nan labarin ya tsaya da an ce kuskure ne, kowa na yi. Amma washegari manzon wakili ya zo: ana neman magina jibi, aikin bariki ya fito. Dogo ya koma filin ya tsaya a tsakiyar tubalin. Ya ce wa kansa na kwanakin farko daga gindin tudu suka fito, nesa da marken, ba ruwansu. Ya sa aka farfasa layin jiya da na shekaranjiya aka mayar cikin ramin. Lukuman ya matso ya ce a hankali, "Maigida, ai ba a jere muke kwaɓawa ba. Ƙasar sama da ta ƙasa wuri guda muke tarawa." Dogo ya ce ya sani. Bai ƙara layi ko ɗaya ba.

Wakili ya zo bisa doki ya ga fili ja da busasshen tubali, ya ɗauki guda ya sake shi a ƙasa bai fashe ba. Aka ba Dogo aikin a tsaye. Yelwa ya tafa masa a kafaɗa.

"Na sallama, Dogo. Wagga ƙasa ina ka samo ta? Kamar an yi ta don kai."

Dogo ya ce sa'a ce.

Sai da gini ya kai tagogi sannan ya iya zuwa ya sami Hamidu a bakin rafi. Ya tsuguna, abin da bai taɓa yi masa ba.

"Hamidu, na zo ne a kan maganar tudun nan."

"Mai gida, tashi. Ka ga saniyar can mai farin goshi? Kwana uku ba ta cin ciyawa."

"Na yi maka laifi biyu. Na farko ban sani ba. Na biyu..."

"Ina jin ƙaya ce ta shiga kofatonta. In ka ga mai magani a kasuwa ka turo mini shi."

"Don Allah ka bari in faɗa."

"Ba komai tsakaninmu, mai gida. Rana ta yi, bari in kai su inuwa."

Dogo ya gane cewa neman gafarar ma wani nauyi ne yake ƙara ɗora masa, don ba yadda Hamidu zai yafe sai ya ambaci abin da aka yi, da wanda aka yi wa. Ya miƙe ya koma wajen aikinsa.

Ranar kasuwa ta gaba Hamidu ya zo zaure kamar kullum. Ya jingine sanda, ya gaishe shi, ya tambayi aiki. Aka kawo tuwo suka sa hannu a akushi guda. Dogo ya yi loma biyu ya tsame hannu. Mako na biyu ya ce wa Saude yana da awo a bariki, in baƙo ya zo a ba shi ruwa. Mako na uku ma haka. Hamidu bai fasa zuwa ba har ƙarshen rani, yakan zauna shi kaɗai a zauren, ya ci abin da aka miƙo, ya bar gaisuwa. Da ruwa ya sauka suka tashi da rugar suka yi wajen Wonaka. Ba Hamidu ne ya yanke zumuncin ba, Dogo ya san wannan, bai kuma taɓa gaya wa kowa wani abu dabam ba.

Barikin ya yi kyau, Di'o ya yaba, sunan Dogo ya kai Gusau. Da jirgi ya iso garin ya buɗe, kamfanonin auduga da gyaɗa suka fara neman rumbuna da kantuna, ya kwashe iyalinsa ya koma can. Ya ci gaba da zama da masu giginya, ya ci gaba da riga kowa jin labari, don ba shi da wata hanyar ci. Abin da ya canza kaɗan ne. Kafin a sara ƙasa a sabon wuri yakan nemi tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a kusa ya tambaye ta, ba ya tambayar maza. Leburorinsa na ganin tsufa ne ya fara kama shi.

Shekara uku bayan barikin, wata ranar kasuwar Gusau, yana tafe ta layin masu gishiri sai ya hango sanda a kafaɗa da hannuwa rataye. Hamidu ne, ya ɗan rame, yana tahowa ta wajensa, tsakaninsu bai fi taki talatin ba. Dogo ya yi niyyar tsayawa. Ƙafarsa ce ba ta tsaya ba. Ya sunkuya ya faɗa rumfar wani mai gishiri, ya juya baya ga hanya, ya ɗauki mangul yana juyawa kamar mai saye. Rumfar gajera ce, shi kuwa dogo, ko yaro ya gan shi ta baya zai gane shi.

Inuwa ta tsaya a bakin rumfar. Mai gishiri ya ɗaga kai ya ce, "Ɗan Fulani, shigo mana, mi za a ba ka?"

"Ba komai," in ji Hamidu. "Na ga kamar wani da na sani ne."

Ya ɗan ƙara jinkirtawa, kamar yadda baƙo ke yi bayan sallama. Dogo bai juyo ba. Can sai inuwar ta gusa.

"Malam," in ji mai gishiri, "in ba saye za ka yi ba ajiye mini, ka jiƙa shi da gumi."

Dogo ya ajiye. Ya zauna a rumfar har aka kira la'asar, sannan ya fita ta baya. Ba su sake haɗuwa ba.